Morrowind: Ƙasar da Ba Ta Yi wa Baƙo Maraba

A cikin wasannin kwamfuta akwai wani rukuni da mai wasa ke shiga rigar gwarzon labari, ya zaɓa masa suna da asali da sana'a, sannan ya bi shi cikin ƙagaggiyar duniya mai cike da sarakuna da matsafa da dodanni. Daga cikin waɗanda na buga a wannan rukuni, The Elder Scrolls III: Morrowind ya fi kowanne zama a raina. Kamfanin Bethesda na Amurka ne ya fitar da shi a shekarar 2002, a kwamfuta da kuma na'urar Xbox. Ina son in auna shi a nan, kyawunsa da muninsa, domin tambayar da yake tayarwa ta shafi duk mai koyon wani abu mai wuya: ina iyakar wahalar da ke koyarwa, ina kuma wadda ɓata lokaci kawai take yi?

Labarin yana farawa da fursuna a cikin jirgin ruwa. Sarkin daula, Uriel Septim na bakwai, ya ba da umarnin a sake shi a tsibirin Vvardenfell ba tare da an gaya masa dalili ba. Ana sauke shi a ƙauyen Seyda Neen, a miƙa masa ƙunshin takardu, a ce ya kai wa wani Caius Cosades a garin Balmora. Daga nan ba mai kama hannunsa. Mutanen ƙasar, waɗanda ake kira Dunmer, kallon bare suke yi masa, wasu har da zagi.

Babban ƙarfin wasan shi ne ƙasar kanta. Yawancin wasanni irinsa suna aron siffar tsohuwar Turai, da ganuwar dutse da mahaya dawaki. A Vvardenfell kuwa ko doki ɗaya babu. Matafiyi yana hawa wani ƙaton ƙwaro mai dogayen ƙafafu daga gari zuwa gari. Manyan gidan Redoran suna zaune cikin ɓawon wata katafariyar ƙaguwa a Ald'ruhn. Matsafan gidan Telvanni suna shuka hasumiyoyinsu daga laimar kwaɗi, kuma ba sa yi wa benayensu na sama matakala, don a ganinsu wanda bai iya tashi sama da tsafi ba bai isa ya gan su ba. A tsakiyar tsibirin akwai dutse mai aman wuta, wanda ke turo guguwar toka mai ɗauke da cuta. Ginin kowane gida yana faɗin halin masu shi tun kafin su buɗe baki.

Ƙarfi na biyu shi ne yadda wasan ke tilasta wa mutum karatu. Ba kibiyar da ke nuna inda za a nufa, irin wadda aka sa a Oblivion na 2006 da Skyrim na 2011. Kwatance ake yi maka da baki: bi hanyar kudu, ƙetare gada, juya hagu idan ka ga kango. Wanda bai karanta da natsuwa ba sai ya yini yana bulayi. A nan na ga gaskiyar karin maganar nan ta cewa matambayi ba ya ɓata. Hanyar da na samo da kwatance har yau ina tuna lungunanta, alhali garuruwan da kibiya ta kai ni a wasu wasannin ko sunansu ban riƙe ba. Ɗalibin harshe ya san wannan bambanci: kalmar da ya tono ma'anarta daga cikin jimla ta fi zama a kansa bisa wadda aka fassara masa nan take.

Na uku, wanda na fi daraja shi, shi ne yadda wasan ke ɗaukar tarihi. Akwai tsohon jarumi mai suna Nerevar wanda ya mutu a gindin dutsen nan shekaru masu yawa kafin labarin. Malaman haikalin ƙasar sun ce raunukan yaƙi ne suka kashe shi. Makiyayan da ke yawo a ƙasar toka sun ce mashawartansa uku, Vivec da Almalexia da Sotha Sil, su suka ci amanarsa, sannan suka mai da kansu abin bauta. Littattafan da ke cikin wasan suna saɓa wa juna, kowanne da wanda yake karewa, kuma ba a yanke maka hukunci. Hatta annabcin da ya ce Nerevar zai dawo a jikin wani baƙo yana da tababa: a wani kogo za ka tarar da fatalwar waɗanda suka yi da'awar kafin kai suka kasa. Daular da ta aiko ka ma ba don tausayi ta sake ka ba, tana da ma'adinai da mulki da take son karewa. Ana kuma cinikin bayi a fili, kuma wasan ya bar ka ka zaɓi ko za ka kwance su ko ka wuce.

Sai dai duk wannan yana tafe da nakasu masu nauyi. Na farko faɗa. Takobinka zai sauka a jikin abokin gaba a kan idonka, amma wasan ya ce ka kuskure, domin a ɓoye lissafi yake yi da ƙwarewarka da zafin namanka da sa'arka da yawan gajiyarka. Sabon ɗan wasa yana iya kai wa ɓera sara goma bai same shi ba. Ido yana ganin abu ɗaya, lissafi yana yanke wani, kuma ba a yi wa mutum cikakken bayani ba. Wannan wahala ba ta koyar da komai face jira.

Na biyu mutanen garuruwa. Yawancinsu a tsaye suke wuri ɗaya dare da rana, ba barci ba cin abinci. Hira da su zaɓen kalma ce daga jeri, kuma mutum goma na iya ba ka amsa ɗaya harafi da harafi. Ƙasar da aka ƙawata da tarihi mai zurfi sai ga mazaunanta kamar allunan sanarwa. Haka kuma kundin da ke ajiye ayyukanka yana jera su ne bisa kwanan wata, a cakuɗe, har sai da ƙarin wasan mai suna Tribunal ya zo da gyara. Ga tafiyar farko mai nauyi kamar ta mai ɗauke da kaya, ga wasu tsuntsayen duwatsu da ke far wa matafiyi ba ƙaƙƙautawa har su ƙure haƙurinsa.

Na uku rashin daidaito. Wanda ya gane sirrin haɗa magunguna yana iya haɗa na ƙarin basira, ya sha, ya haɗa wanda ya fi shi ƙarfi, ya yi ta maimaitawa har ba abin da zai iya tsayawa a gabansa. Farkon wasan ya yi tsanani fiye da kima, ƙarshensa kuma ya yi sauƙi fiye da kima. Duk da haka ban iya ƙin wannan nakasu gaba ɗaya ba, domin tushensa ɗaya da ƴancin da wasan ke bayarwa. Za ka iya kashe ko da wanda labarin ya dogara a kansa. Sai a sanar da kai cewa ka yanke zaren annabcin, a bar ka ka ci gaba idan ka so.

Hukuncina shi ne wahalhalun Morrowind iri biyu ne. Ɓata hanya, da karanta littattafai masu saɓani, da jure kallon bare har ka sami matsayi, duk suna biyan mai haƙuri da sani. Saran da ba ya kamawa da kundin da ya cakuɗe kuwa gazawar ƙira ce, kuma tsufan wasan ba zai mai da su ado ba. Wasannin da suka biyo baya sun gyara iri na biyu, amma garin gyaran sun share da yawa daga iri na farko. Wanda zai gwada shi yau ya tanadi alƙalami da takarda, ya zaɓi makamin da gwarzonsa ya ƙware a kai, ya kula kada ya shiga faɗa a gajiye, sannan ya ba shi sa'o'i goma kafin ya yanke nasa hukuncin.