Likitan da Ya Tsare Numfashin Ɗana

Jama'ar zango, da yawanku kun san ɗana na uku, wanda ya fi tsararsa girma tun yana goye, ga babban kai, ga nauyin baki. Mutane sun faɗi albarkacin bakinsu, har da masu cewa aljanu ne. Likitoci kuwa suka ce abin a ƙwayar halittarsa yake, ana kiransa ciwon Sotos, sunan likitan da ya bayyana shi a Amurka a 1964. Da ya kai shekara 12 ƙashin bayansa ya karkace, har zaman karatun allo ya gagare shi. Aka ce mu bar Kumasi mu tafi Ankara a yi masa aiki.

Ni dai mai wuƙa nake tsoro. Ashe akwai wani likita dabam, wanda sa barci ne aikinsa. Ana gobe za a yi aikin ya zo ya zauna da mu. Ya sa yaron ya buɗe baki, ya leƙa ganɗarsa, ya jujjuya wuyansa, domin wasu irin waɗannan yara akan sha wuyar zura musu bututun numfashi. Ya tambayi ko yana farfaɗiya, ya sa aka duba zuciyarsa. Ya ce rub da ciki za a kwantar da shi sa'o'i da yawa, sai an tattali idanunsa da ƙirjinsa, kuma an tanadi jini. Maganin barcin ta jijiya za a ba shi, domin za a maƙala masa wayoyi a kai da ƙafafu masu nuna ko lakar bayansa lafiya take, maganin shaƙa kuwa yakan dusashe abin da suke nunawa.

Na ce, to rubutun da na yi masa fa? Bai yi mini dariya ba, wannan kuwa na riƙe masa. Ya ce, "Malam, ya sha yau da dare. Abinci kuwa a tsayar sa'a 6 kafin aiki, kada amai ya shiga huhu." Sa'an nan na sa hannu a takardarsu da ajami, hannun yana rawa.

Sai bayan la'asar aka kira ni. Na iske likitan nan tsaye a kansa, yana cewa ya motsa yatsun ƙafa. Na dama suka motsa. Na hagu suka ɗan jinkirta, sa'an nan su ma suka motsa.