Wasiyya Ba Kiran Mutuwa Ba Ce

Mu Hausawa mazauna kurmi, daga Sabon Ibadan har Agege, muna da wata ɗabi'a mai ban mamaki. Mutum zai shekara arba'in yana fataucin goro ko shanu, ya gina gida, ya sayi fili, amma da zarar an ambaci wasiyya sai ya murtuke fuska, wai ana yi masa mugun fata. Hujjarsa ita ce Allah ya riga ya raba gado. Haka ne, ya raba. To amma alƙali yana raba dukiyar da aka sani ne, ba wadda mamaci ya tafi da labarinta kabari ba.

Na ga wannan da idona bayan rasuwar kawuna. Ya bar gida a nan, da gona a Arewa, da ajiyar mutane a hannunsa, babu ko layi ɗaya a rubuce. Masu da'awar bashi suka yi ta sallama, ba mai iya gaskata su, ba mai iya ƙaryata su. Banki kuma ya ce kuɗi ba za su fita ba sai da takardar izini daga Babbar Kotu. Kafin a samo ta, ƙananan 'ya'yansa biyu sun bar makaranta.

Abin takaicin shi ne shari'a ta buɗe masa ƙofa. Bayan hidimar jana'iza da biyan bashi, Musulmi na da ikon yin wasiyya da sulusin dukiyarsa ga wanda ba magaji ba. Da wannan sulusin ne ake share hawayen agola, da ɗan riƙo, da jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa, wanda baffanninsa ke shamakance shi daga gado. Kawu na da irin wannan jikan, kuma kowa ya san yadda yake ji da shi.

Hanyar ba ta da tsawo. Mai wasiyya zai sa hannu a gaban shaidu biyu da ke wurin lokaci guda, su ma su sa nasu, kuma kada a ɗauko shaida daga cikin waɗanda aka yi wa kyauta. Daga nan sai a liƙe takardar a kai ta ajiya ofishin rajistar wasiyyoyi na Babbar Kotun jiha, a karɓi rasit. Rashin ajiyar ba ya ɓata wasiyya, sai dai takardar da ke ƙarƙashin katifa tana da ƙafa. Mai ita kuwa yana iya sauya ta muddin yana raye da hankalinsa.

Sai dai a yi hattara wajen lauya. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yinusa, Kotun Ƙoli ta amince da wasiyyar wani Musulmi da aka rubuta bisa dokar Ingila ta 1837, duk da ta saɓa wa rabon Musulunci. Daga baya wasu jihohi, irin su Kwara, suka toshe wannan kafa a dokokinsu. Saboda haka a faɗa wa lauya ɓaro-ɓaro cewa sulusi kaɗai ake nufi, saura kuma a rubuta cewa a raba shi bisa shari'a.