Baƙin da ke cikin Turanci

Waɗanda suka zauna a ajin sakandare a shekarun 1970 za su tuna cewa da kunne aka koya mana Turanci kafin ido. Malaminmu, wani dattijo da ƙurar alli ba ta rabuwa da hannun rigarsa, yakan shigo da jaridar New Nigerian a hammata, ya sa ɗayanmu ya miƙe ya karanta sharhin edita da ƙarfi, shi kuwa ya jingina da taga ya lumshe ido yana saurare, har sai mai karatu ya yi tuntuɓe da wata kalma da aka buga da karkatattun haruffa. Nan zai ɗaga hannu ya ce, “Samari, a dakata, mun yi baƙo.”

Baƙo yake kiran duk kalmar da Turanci ya aro daga Faransanci ko Latin ya bar ta da tufafin garinsu. Kuma a wurinsa, ba ka kiran sunan baƙo sai ka san inda ya fito.

Na farkon da muka gaisa da shi shi ne coup d'état, wato juyin mulki, don zamanin soja ne, kalmar tana bakin kowa tun daga Janairun 1966, ga na Nijar a 1974, ga wanda ya kawar da Gowon a 1975. Ya koya mana cewa “ku deta” ake faɗi, harafin p da t na ƙarshe suna nan a rubuce amma ba sa magana, kuma ma'anar coup ita ce bugu. Daga nan ya kawo ɗan'uwansa, coup de grâce, bugun jinƙai, wato saran ƙarshe da ake yi wa wanda ya ji mummunan rauni don a hutar da shi. Muka yi zaton mun gane dabarar, muka haɗiye ƙarshen kalmar muka ce “gra”. Ya girgiza kai. A nan dole a ji sautin s, in ba haka ba Bafaranshe zai ji kamar ka ce kitse. Da na je hutu wurin dangi a Maraɗi na gwada wa wani yayana da ya yi lakwal, ya tabbatar mini haka abin yake.

Bai bar mu da furuci kaɗai ba. Ya ba mu labarin yadda William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a har kusan shekara 300, sai a 1362 aka yi dokar a riƙa shari'a da Turanci, dokar da ita kanta da Faransanci aka rubuta ta. Latin kuwa ta coci da jami'a da bakin lauyoyi ya shigo, kuma har zuwa 1960 ba a shiga Oxford ko Cambridge sai da shi. Wannan tarbiyya ba ta zo mana da mamaki ba. Daga makarantar allo muka fito, inda malam kan sa ka maimaita harafi ɗaya har sai ya zauna a mafitarsa.

Yau kalma daga fuskar waya take faɗawa kai, ba ta bi ta kunne ba.

Sai ka ji mutum ɗaya tilo yana cewa shi alumni ne na wata jami'a, alhali alumni jam'i ne, namiji alumnus, mace alumna. Ana rubuta per se da “say”, kamar daga faɗi aka samo ta. Et cetera ta koma “eksetara”, wasu ma har su sa mata and a gaba, ba su san et ɗin ita ce “da” ba. A katin biki kuwa, RSVP ta zama kan jerin sunayen 'yan'uwa da lambobin waya, roƙon da ke cikinta na a daure a ba da amsa ya ɓace, shi ya sa ba mai amsawa.

Kada matasa su ɗauka mu kaɗai ne masu wannan laifi. Masu harshen ma sun tauye baƙinsu. Lauyan Ingila “saini dayi” yake kiran sine die, abin da mutumin tsohuwar Rum ba zai gane ba. A Amurka doguwar kujerar nan chaise longue ta koma chaise lounge, entrée kuma ta tashi daga abin buɗe ciki ta zama babban abincin. Mu ma mun mayar da kalmomin Bature bokiti da asibiti, kuma ban ga aibu a nan ba, don waɗannan sun zama 'yan gari, kowa ya san aikinsu. Abin da ke damuna shi ne kalmar da aka yafa don ado ba a san me take nufi ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Kuma ba zan ce komai na da alheri ne ba. Na ga inda aka yi amfani da Latin aka rufe bakin talaka: aka ɗage shari'a sine die, tsoho ya fito harabar kotu yana tambayar wace rana zai dawo, ba wanda ya tsaya ya gaya masa cewa ba a sa rana ba. Ingila da kanta ta rage irin waɗannan kalmomi a kotunanta a 1999, ex parte da subpoena suka ba da wuri ga Turancin da kowa ke ji. A labaran kotunanmu har gobe ana jin su.

Ƙamus ɗaya na furuci muke da shi a makarantar, na Daniel Jones, bangonsa ya saɓule, sai ka yi layi bayan la'asar kafin ya zo hannunka, ka kwafi alamomin a bayan littafinka ka tafi ɗakin kwana kana maimaitawa a hanya. Kwanan baya jikata ta nuna mini wani ɗan maɓalli a wayarta, ta taɓa shi, muryar Bafaranshe ta furta coup de grâce tsaf, da s ɗinta. Na tambaye ta ko ta taɓa danna shi kafin yau. Ta ce a'a, Kaka, ai ba ta san akwai abin tambaya a kalmar ba.