Gudun Ƙofa Bakwai

Azumin 1986 ya faɗo cikin watan Mayu, ana tsananin zafi. Katsina na ƙarƙashin jihar Kaduna a lokacin, sai a shekarar da ta biyo muka samu tamu jihar. Muna sakandare muka ji a rediyo cewa ranar 25 ga watan miliyoyin mutane a ƙasashe da dama sun fita gudu domin tara wa waɗanda yunwa ta kassara a Afirka kuɗi, a wani shiri mai suna Sport Aid. Wani ɗan tseren Sudan, Omar Khalifa, shi ya ɗauko wutar yula daga ƙasarsu, ya ratsa biranen Turai, ya kai ta hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York.

Mu kam da idonmu muka ga wannan yunwa. Farin 1984 ya kashe dabbobin mutanen arewacin Maradi, ga iyaka a rufe tun watan Afrilun shekarar, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar suna El Buhari. Duk da haka sun ɓullo ta daji, suka sauka a bayan ganuwa da zaurukan mutane. Damina ta gyaru daga baya, amma wanda garkensa ya ƙare ba shi da abin komawa, saboda haka da yawansu suna nan.

Malamin wasanninmu ne ya ce mu ma mu yi namu gudun domin su, sai dai bayan Salla, don ba mai gudu da azumi a baki. Tsarinsa ya dace da garin. Kowa ya yago takarda daga littafinsa ya kai wa dangi da makwabta, su rubuta abin da za su bayar a kan kowace ƙofar gari da yaro ya wuce da gudu. Ƙofofin bakwai ne: Ƙaura, Ƙwaya, 'Yanɗaka, Guga, Sauri, Durɓi da Marusa. Wanda ya sa sule, in ka zagaye duka, kwabo saba'in ke nan.

Yawo da takardar nan ya fi gudun wuya. Kawuna ya juya ta, ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, mi ya koro ku? In sadaka ce ga ta, a bar wahalar." Wasu iyayen suka ce bara ce aka sa wa riga. Ban ga laifinsu ba, don a saninsu yaro na karɓar kuɗi a ƙofar gida ne in ya yi tashe, kuma a daidai kwanakin ana cikin tashen. Bambancin shi ne kuɗin tashe mu ke rabawa mu sayi alewa, wannan kuwa ko kwabo ba namu ba ne. Kakata ce ta warware zancen. Ta ce ai gayya ce: mai ƙarfi ya ba da ƙarfinsa, mai hatsi ya ba da fura. Ta kwance bakin zanenta ta sa ficika a kowace ƙofa, abin da ya sa kawu jin kunya ya sa naira.

Da asubar wata Asabar muka tashi daga Ƙofar Ƙaura, wasu da takalmin kambas, wasu ƙafa ba komai. A kowace ƙofa akwai malami da biro yana sa hannu. Daga Guga zuwa Sauri aka fara zubewa, ƙirji na zafi, maƙogwaro ya bushe. Kusa da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina wasu mata suka fito da ruwa a kwanon sha, ba wanda ya aike su. Mafi yawanmu da tafiya muka ƙarasa, malamai kuma suka ƙirga mana. 'Yan mata ba a bar su sun yi gudu ba, amma takardunsu sun fi namu cika, domin su ke shiga har ɗakunan matan aure. Har yau ina ganin an rage musu haƙƙi da ba a ambace su a taron makaranta ba.

Kuɗin bai kai ya kawo ba. Gero aka saya, masu unguwa suka nuna gidajen da za a kai, mu muka ɗauka a ka. Ranar ce na fara shiga wurin mabukaci ina mai bayarwa da gumina, ba aiken babba ba.

Yau ma akwai baƙi a Katsina, waɗanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyukan Batsari, Jibiya da Safana, yawancinsu mata da yara. Ganuwa ta zube a wurare da dama, motoci sun cika titunan da muka bi, amma ga filin wasa na Muhammadu Dikko a Karkanda, inda za a iya ƙirga zagaye maimakon ƙofa, a ware wa 'yan mata nasu lokaci. Shugabannin makarantu, ku ba ɗalibanku takarda da rana, ku liƙa lissafin abin da aka tara a allo kowa ya gani, sannan ku bar su su kai hatsin da kansu.