Agogon Ofishinmu Da Ɗan Akwatin Da Na Raina

Ran nan Edita ya kira ni, ya ce wata jarida na zargin na kwashe labarinta na sa sunana. Hujjarsu kuwa ita ce lokacin da ke jikin nawa a intanet ya zo bayan nasu da minti huɗu, alhali ni na riga su. Da aka bincika, sai aka tarar agogon kwamfutar da ke fitar da labaranmu ya yi gaba da minti shida, ba wanda ya lura. An wanke ni, amma don yawan ƙorafina aka jefa ni cikin kwamitin mutum uku da zai zaɓo na'urar da za ta riƙa ba dukan kwamfutocin gidan lokaci. Ni da ba ni da komai sai difilomar aikin jarida!

A can na fara jin sunan NTP, watau tsarin da kwamfutoci ke tambayar juna lokaci da shi, wanda David Mills na Amurka ya fito da shi a 1985. Akwai masu ba da lokacin kyauta a intanet, amma layinmu yakan yanke, don haka muka ce gara mu mallaki namu.

To, ni dai na dage a sayi babbar kwamfuta mai tsada. Injiniyanmu ya yi murmushi, ya ce, "Malam, girma ba ya cikin wannan magana." Ashe agogon kowace kwamfuta wani ɗan ƙanƙanin dutse ne mai kaɗawa, zafi da sanyi kuwa suna sauya saurinsa. Babbar na'ura da aka ɗora wa ayyuka da yawa takan yi zafi ta huce, agogonta na ta tangaɗi. Abin da ake nema shi ne na'urar da ba ta da wani aiki, sa'an nan a haɗa ta da 'yar rediyon GPS, wadda ke karɓo lokaci daga taurarin ɗan Adam, ta kuma bugo alama ɗaya daidai farkon kowace sakan. Wannan bugun dole ya shiga ta wayarsa kai tsaye. In aka bi da shi ta USB, sai ya tsaya jiran layi, ya iso a makare.

Sai ya ajiye wani ɗan akwati mai suna Raspberry Pi, bai fi tafin hannu ba. Wallahi na raina shi. Yana da aibi kuwa: irin wanda muka samu ba shi da batirin riƙe lokaci, da an ɗauke wuta sai ya manta. Muka sa kuɗin batiri a lissafi.

Gardamar da ta fi tsawo ita ce ta manhajar da za ta tafiyar da shi. Injiniya yana son FreeBSD, don ta daɗe da yin suna a wannan fage, ya kuma tuna mana yadda ƙarin sakan ɗaya da aka yi ran 30 ga Yuni, 2012 ya rikita kwamfutoci masu Linux da dama. Na ukunmu ya ce an gyara wannan tuntuni, kuma Linux da chrony sun wadatar.

Nan ne kaɗai na yi amfani a kwamitin. Na tambaya, mutum nawa ne a gidan nan suka iya FreeBSD? Aka yi shiru. Injiniya ne kaɗai, ga shi kuma yana shirin tafiya hutu. Muka ɗauki Linux.

Eriyar tana kan rufi inda take ganin sama sarai. Akwatin kuwa muka kulle shi cikin kabad, nesa da taga da iskar na'urar sanyaya ɗaki, makullin yana hannun Edita.