Neman Rigar Ƙwallo A Cikin Badala

Ɗan ƙanwata ne ya ja ni cikin wannan lamari. Yaro ne ɗan shekara goma sha shida, mai son Kano Pillars kamar ransa, wanda zai iya lissafa maka shekarun da ƙungiyar ta ci kofin gasar ƙwararru ta ƙasa, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ba tare da ya tsaya jan numfashi ba. Wata Juma'a da daddare ya shigo ɗakina da waya a hannu, ya ce, "Kawu, samarin gidan kallon ƙwallon unguwarmu sun shirya gasa gobe. Sun ɓoye takardu a wurare biyar cikin gari, kowace takarda da kacici-kacicin da zai kai mutum ga ta gaba. Wanda ya fara isa ƙarshe shi ke da sabuwar rigar Pillars da ƙwallo da tikitin kallon wasa. Kai da aka haifa a cikin gari, ai da kai zan ci."

Na amsa masa da fara'a, domin ya taɓo inda nake alfahari. A cikin badala aka yanke cibiyata, kuma ko da yake mun koma bayan gari tun ina firamare, ban taɓa shakkar cewa na san Kano ba. Wannan yinin na Asabar ne ya nuna mini iyakar sanina, kuma dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Da misalin ƙarfe takwas na safe muka taru a bakin filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, filin da ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999 da na kofin nahiyar Afirka a 2000. Yawancin masu gasar samari ne, bibbiyu, kowa da wayarsa. Ni kaɗai ne mai furfura. Aka karanta mana ƙa'ida: a kowane wuri akwai mutumin da aka ba ajiyar takarda, kuma ba zai miƙa ta ba sai an gaishe shi an faɗa masa sunan wurin da dalilin sunan. Sannan aka raba takarda ta fari. An rubuta a jiki: "Je ka inda rijiya ba ta ba da ruwan sha, amma tana tufatar da sarki."

Wannan ba ta ba ni wahala ba. Yayin da samari suka duƙufa kan wayoyinsu, na ja hannun yaron muka tsallaka titi zuwa marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce an kafa ta a 1498. Sau dubu na wuce ta a mota, amma rabona da in taka cikinta har na manta. Ramukan suna nan jere a ƙasa kamar gurbin dara, sai dai da yawansu a bushe, wasu an rufe su da kwando. Wani dattijo da hannuwansa suka rine har wuyan hannu yana tsoma ƙyalle yana ɗagawa. Na ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya ce, "Yauwa, sannunku da zuwa. Takarda kuka zo karɓa ko gani kuka zo yi?" Kafin ya ba mu, sai da ya nuna wa yaron yadda ake haɗa baba da toka da ruwa a bar su su kwana su jiƙa, da yadda ƙyalle ke fitowa kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi. Yaron ya tsaya baki buɗe. Ni kuwa ina duban agogo.

Takarda ta biyu cewa ta yi: "Sunan daji gare ta, amma ba a farauta a cikinta sai da kuɗi." Yaron ya ce, "Kawu, gidan zu ne?" Na yi dariya na ce kasuwar Kurmi ce, domin kurmi duhuwar itatuwa ce. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ake danganta wa kafa ta, kuma nan ne fataken Sahara ke sauke gishiri da kanwa su ɗauki fata da rinannen tufafi. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851 ya kuma rubuta yadda tufafin garin ke kaiwa har Tambutu.

Sanin sunan kasuwa daban, samun mutum a cikinta daban. Lungunan Kurmi ba su san taswirar waya ba. Ka shiga ta wajen masu turare ka ɓulla wajen dukawa, ka juya ka ga kanka gaban masu sirdi da linzami, ka sake juyawa ka dawo inda ka fito. Sau biyu muna wuce rumfa ɗaya. A nan ne na fara jin kunya, domin yaron ya zuba mini ido yana jiran Kawunsa ɗan cikin gari ya nuna hanya. Daga ƙarshe na sauke girman kai na tambayi wani mai sayar da tasbaha. Ya ce, "Alhaji, ai matambayi ba ya ɓata. Tun ɗazu nake ganinku kuna kewaya." Ya haɗa mu da almajirinsa, wanda cikin minti uku ya kai mu gaban wani baduku da takardar ke ƙarƙashin tabarmarsa.

Ta uku ta ce: "Hau kan wanda ya riga sarki na fari zuwa gari." Dutsen Dala ke nan, domin tarihin Kano ya nuna akwai mutane a gindinsa, da Barbushe da bautar Tsumburbura, tun kafin zuwan Bagauda a wajen shekara ta 999. Daga Kurmi muka miƙa arewa maso yamma a ƙafa, ta cikin lunguna masu kwata a tsakiya, rana ta fara zafi. Matakalar dutsen ta gwada mini shekaruna. Yaron ya haye a guje, ni kuwa sai da na huta sau biyu.

A saman Dala na ga abin da ya sauya mini wannan yini daga wasa zuwa tunani. Ga Goron Dutse can yamma, ga hasumiyoyin babban masallacin Juma'a kusa da Gidan Rumfa, ga rufin kwano ya shimfiɗu iyakar ganin ido. Yaron ya ce, "Kawu, ina ganuwar take?" Na ɗaga hannu zan nuna masa, sai hannun ya tsaya a sama. Ina yaro, mahaifina ya taɓa kawo ni nan ya bi ganuwa da yatsa, ƙofa bayan ƙofa, kamar mai karanta allo. Yau na duba ban ga layin da zan bi ba. Na yi ƙoƙarin lissafa masa ƙofofin daga ka: Nassarawa, Mata, Wambai, Mazugal, Ruwa, Waika, Kansakali, Kabuga, Dukawuya, Gadon Ƙaya, Na'isa, Ɗan Agundi. Sunayen sun zo bakina, amma da ya tambaye ni ma'anar Kansakali da dalilin da ya sa ake ce wa wata Na'isa, sai na yi shiru. Na gaji sunaye, ban gaji labarinsu ba, kuma abin da ban gada ba ba ni da yadda zan bar masa.

Mai ajiyar takarda a kan dutsen wani saurayi ne ɗalibin tarihi. Ya shaida mana cewa mutum huɗu ne kawai suka riga mu. Yaron ya yi tsalle. Takarda ta huɗu ta ce: "Ƙofar da baƙo ya shigo ba sallama, mai gida ba ya nan." Na san zancen 1903 ne, lokacin da sojojin Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu, Sarki Alu yana Sakkwato. Amma wace ƙofa? Raina ya ba ni Nassarawa, saboda can ne Turawa suka zauna daga baya. Muka tari adaidaita sahu. Da na faɗa wa direban inda za mu da dalili, ya dube ni ta madubi ya ce, "Yallaɓai, ni dai abin da na ji wajen kakana, ta Kabuga suka shigo." Na yi gardama kaɗan, irin ta mai digiri da direba, sannan na tuna abin da ya same ni a Kurmi na ce ya kai mu Kabuga. Shi ne da gaskiya, kuma haka aka fi ruwaitowa.

Hanyar Kabuga ce ta nuna mini abin da ya rage na ganuwa. An fara gina ta a zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134, aka faɗaɗa ta a zamanin Rumfa da bayansa. Tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihi na duniya. Abin da idona ya gani shi ne tudun jar ƙasa nan da can, ruwan sama ya zaizaye wani, an yanki wani an yi bulo, an jingina shago da wani, an mai da wani juji. Ba baƙo ne ya yi wannan ba. Bindigar Turawa ƙofa ɗaya ta fasa, sauran mu muka cinye da hannunmu, kwando bayan kwando. A Kabuga kanta motoci ne ke shiga gadar ƙasa suna fita, kuma na tabbata cikin masu wucewa ɗari da wuya a sami goma da suka san abin da ya faru a wurin.

Wani mai shayi ne ya miƙo mana takarda ta ƙarshe, ya ce mutum biyu kawai ke gabanmu. An rubuta: "Gidan baƙon da gari ya raɗa wa suna, inda allo ya fara zama da ɗan'uwansa." Nan na yi kuskuren da ya raba mu da riga. Kalmar gida ta ja ni zuwa Gidan Makama, gidan tarihin da ke kusa da fadar sarki, kuma ban tsaya na auna sauran zancen ba. Yaron ya ce, "Kawu, amma Makama ai ba baƙo ba ne." Na ce ya bari, na san abin da nake yi. Sai da muka isa, muka gama dube-dube ba mai takarda, sannan wani ma'aikacin wurin ya karanta ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan Gidan Ɗan Hausa ne." Take na gane. Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan, wanda ya ratso Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, shi Kanawa suka raɗa wa Ɗan Hausa saboda jin harshensu, kuma shi ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909. Allon Muhammadiyya da allon boko, ga su nan a cikin kacici-kacicin, na tsallake su.

Ko da muka isa Gidan Ɗan Hausa, da katangarsa ta ƙasa mai zane da zankwaye, la'asar ta kusa, riga kuwa ta riga ta shiga jikin mai ita. Wasu 'yan'uwa biyu ne daga cikin gari suka ci, babbansu bai fi shekara goma sha takwas ba. Na tambaye su asirin. Ƙaramin ya nuna mini wayarsa ya ce, "Baba, kakarmu muke kira. Duk takardar da muka karɓa sai mu karanta mata." Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, tana zaune a tsakar gida, ita ta warware abin da ya gagari masu intanet da mai digiri.

A hanyar komawa na yi ta ba yaron haƙuri. Bai ce komai ba sai da muka kusa gida, sannan ya ce, "Kawu, ranar Asabar mai zuwa mu koma wajen Baban nan na marina. Ya ce zai bar ni in tsoma ƙyalle da hannuna."

Ina da roƙo ga mutum uku. Ga malaman makarantun sakandare: ɗalibin da zai zana muku taswirar Afirka amma bai taɓa hawa Dala ba, karatunsa da saura, kuma fitar yini ɗaya ba ta fi ƙarfin kowace makaranta a Kano ba. Ga masu ƙungiyoyin wasa da gidajen kallo: riga ɗaya da ƙwallo ɗaya sun sa samari da dama sun gaishe da marina da dukawa, sun tambayi dalilin suna, abin da laccoci da yawa ba su yi ba, don haka a maimaita, a Katsina da Zariya da Daura ma, inda ganuwa da ƙofofi ke fuskantar irin wannan hali. Ga iyaye irina kuwa: tsofaffin da suka san dalilin sunayen nan suna ƙarewa, kuma ba su bar rubutu ba. Wanda yake da kaka a raye ya kai mata jikokinta da tambaya tun tana iya amsawa.

Ni dai na fara da kaina. Na sayo wa yaron riga a kasuwa, ya karɓa ya yi godiya, ko da yake mu biyun mun san ba daidai take da waccan ba. Na kuma je na sami wata gwaggona da ta rage a cikin gari, na zauna gabanta da littafi da biro, na ce ta fara mini daga Ƙofar Na'isa. Ta dube ni ta ce, "Sai yanzu?" Na ce, "Sai yanzu, Gwaggo." Ta gyara zama.