Mai hoton da ya durƙusa wa kare

A 1946, a bakin wani titi na birnin New York, Elliott Erwitt ya sauke kyamararsa dab da ƙasa, ya ɗauki wani ɗan mitsitsin kare sanye da rigar sanyi, kusa da ƙafafun wata mata. Fuskarta ba ta fito ba. Karen ne mai gari a hoton.

Sirrin sana'ar ke nan. Wanda ya ɗauki kare daga tsaye, ƙeya da gadon baya zai samu. Sai ya durƙusa, ido ya haɗu da ido, sannan halin dabbar ke bayyana. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Kuma tunda kare ba ya jin "tsaya cak", Erwitt kan yi masa haushi, ya danna a daidai lokacin da kunnuwa suka miƙe.

A Turai da Amurka wannan haƙuri kuɗi ne. Kamfanonin abincin dabbobi na saye domin talla, iyalai kuma na biya saboda sun san kare ba kasafai yake wuce shekara 15 ba.

Wani lokacin ma rai ne a ciki. A 2014, Sophie Gamand, 'yar Faransa, ta fara ɗora wa karnukan pit bull na gidajen ajiye dabbobi rawanin furanni tana ɗaukar su, domin mutane su daina tsoronsu. A inda ake kashe karen da ya rasa mai ɗauka, hoto mai kyau kan sama masa gida.